Wasannin Harbi a Hannun Yaran Damagaram: Me Haramci Zai Gyara, Me Zai Bari?

A Damagaram, kamar a Maraɗi da Katsina da Kano, wasannin bidiyo na harbi da kisa sun shiga jerin abubuwan da ake zargi da ɓata tarbiyyar yara. Iyaye na kuka da su, malamai na ambatonsu a wa'azi, masu koyarwa a lakwal na ganin alamarsu a fuskar ɗalibin da ya kwana yana danna waya, ya zo aji yana gyangyaɗi. Daga wannan kuka ne ake samun masu kiran hukuma ta sa baki: a rufe gidajen gem, a toshe PUBG da Free Fire da ire-irensu, kamar yadda wasu ƙasashe suka yi. A ƙasarmu irin wannan kira ba ya zuwa da ƙungiya mai ofis da takardar tattara sa hannu. Yawo yake yi ta bakin mai wa'azi, ta shirin rediyo da masu sauraro ke bugo waya, ta saƙon murya a WhatsApp, ta hirar mata a gidan suna.

Garin da ya ɗanɗana rikicin matasa kamar Zinder, wato Damagaram, yana da hujjar tsorata da duk abin da ke nuna wa yaro riƙe makami, ko da a fuskar waya ne. Amma tsoro kaɗai bai isa a gina doka a kansa ba. Idan aka duba abin da ya haifar da kiran, da yadda jama'a ke karɓarsa, da abin da ya biyo baya a wuraren da aka gwada haramcin, abu guda ke fitowa fili: damuwar iyaye gaskiya ce, sai dai cutar da wasannin ke yi daban take da wadda aka fi ambata, kuma haramci na bai-ɗaya ba ya magance ko ɗaya daga cikin biyun.

Yadda wasannin suka iso

Shekaru ashirin da suka wuce, wasan bidiyo yana da mazauni. Shago ne ko zaure mai talabijin biyu ko uku, da na'urar PlayStation, da ɗan injin wuta. Yara su biya ƴan kuɗi kaɗan su buga ƙwallo ko su yi faɗan Mortal Kombat, kuɗi ya ƙare su fito. Uba ya san inda shagon yake, ya san mai shi, yana iya zuwa ya kamo ɗansa da hannunsa.

Babbar waya ce ta sauya wannan. Kamfanin Garena na Singafo ya fitar da Free Fire a ƙarshen 2017, PUBG Mobile ya fito a 2018, Call of Duty Mobile kuma a 2019. Duka kyauta ake sauke su, kuma an tsara Free Fire yadda zai yi aiki a kan wayoyi masu araha irin waɗanda suka cika shagunan Kasuwar Dole. Tsarin wasan mai sauƙin fahimta ne: a jefa mutum hamsin ko ɗari a tsibiri, kowa ya nemi bindiga, a yi ta harbi har sai mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya ta rage. Ana yi ana magana kai tsaye da abokan wasa, waɗanda wataƙila suna Garin Malam, wataƙila suna Dakar ko Aljeriya. Kamfanonin na samun kuɗinsu ne daga sayar da tufafi da kwalliyar makamai na cikin wasan, shi ya sa aka gina shi yadda mutum zai dawo kullum: ga kyautar yau, ga matsayin da zai zube idan an yi fashi, ga abokai suna jira.

Duk da haka, sai an auna girman abin da mudun Nijar. Masu amfani da intanet har yanzu tsiraru ne a ƙasar, kuɗin data na da nauyi ga talaka, wuta kuma ba ta da tabbas. Jihar Damagaram ta daɗe tana dogaro da layin da ke shigowa daga Katsina, kuma kowa ya tuna halin da aka shiga lokacin da Najeriya ta yanke shi daga Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024. A garuruwan karkara irin su Zermu ta gundumar Mirya, wasan da ya fi yawo shi ne wanda ba ya buƙatar intanet, wanda mai shagon caji ko aboki ke tura wa yaro daga waya zuwa waya tare da fina-finai da waƙoƙi. Wannan bambanci na da nauyi a muhawarar, domin abin da ba ya bi ta intanet babu hukumar sadarwar da za ta iya toshe shi.

Abin da ya ba kiran ƙarfi

Dalili na farko shi ne tarihin garin kansa. Tun shekarun 1990 fada ta zama wurin zaman samari a biranen Nijar: tabarma, butar shayi, rediyo, hira har dare. Masaniyar halayyar al'umma Adeline Masquelier ta rubuta littafi sukutum a kanta a 2019, inda ta nuna cewa zaman fada hanya ce ta jure wa jiran da ba shi da ranar ƙarewa, jiran aiki da jiran aure. A Zinder kuma, daga shekarun 2000, wani reshe ya fito wanda ake kira pale: samari masu ɗaga ƙarfe, masu shata iyaka a unguwa, masu faɗa da wuƙa da adda, masu ɗaukar sunaye daga fina-finai da labaran ƙetare. Fim ɗin da Aïcha Macky, ƴar garin, ta fitar a 2021 mai suna Zinder ya shiga da duniya cikin unguwar Kara-Kara, har cikin wani pale da ya laƙaba wa kansa sunan Hitler. Uwar da ta taɓa rufe ƙofa saboda faɗan pale, idan ta ga ɗanta yana murnar kashe mutum a waya, ba za a ce ta yi garaje ba don ta haɗa biyun.

Na biyu shi ne halin tsaro a kewaye. Daga gabas, Boko Haram ta fara kai hari a Difa tun Fabrairu na 2015. Daga yamma, ƴan bindiga masu satar mutane sun addabi iyakar Maraɗi da Zamfara da Katsina. A irin wannan yanayi, bindiga a hannun yaro, ko ta hoto ce, tana tayar da hankali fiye da yadda take yi a ƙasar da ke zaune lafiya.

Na uku shi ne addini. Damagaram gari ne na malamai da makarantun allo, kuma ƙorafin malamai ya wuce zancen jini. Akwai salla da ake jinkirtawa saboda ba a son fita daga wasa a tsakiya, akwai hira da baƙin da ba a sani ba, akwai abin da ke taɓa aƙida. A 2020 PUBG Mobile ya shigo da wani sashe da ɗan wasa ke yin alamar rusuna wa gunki don ya sami ƙarfi, Musulmi suka yi ca, kamfanin ya cire shi ya nemi afuwa. A Yuni na 2019 majalisar malamai ta lardin Aceh a Indonesiya ta ba da fatawar haramta PUBG. Irin waɗannan labarai na isowa ta gidajen rediyon Hausa da ta waya, sai su zama hujja a hannun mai wa'azi: ga Musulmi ƴan'uwanmu sun hana, mu me muke jira?

Na huɗu, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne tazarar sani tsakanin iyaye da ƴaƴa. Uban da bai yi lakwal ba yana riƙe da wayar da ɗansa ne ke saita masa ita. Ba ya karanta Faransanci ko Turancin da ke fuskarta, bai san inda ake shiga ba balle inda ake kullewa. A gidan da aka saba babba ne ke da sani, wannan juyi na da ciwo. Sau da yawa, idan uba ya ce gwamnati ta hana, abin da yake nufi shi ne a taimake shi, abin ya fi ƙarfinsa.

Yadda jama'a ke karɓar kiran

Iyaye mata su ne kan gaba wajen goyon baya. Amma idan aka saurare su da kyau, ƙorafinsu ba kasafai yake cewa yaro ya ɗauki wuƙa ba. Cewa suke yi waya ta cinye shi, ba karatu, ba aike, ba barci, a kira shi sau uku bai amsa ba, kuɗin cefane ya ɓata an same shi a data. Wannan ƙorafi ne na lokaci da kuɗi da ladabi, kuma shi ne mafi inganci a cikin duk abin da ake faɗa.

Malamai ba bakinsu ɗaya ba. Wasu na kafa hujja da ƙa'idar toshe ƙofar ɓarna tun kafin ta auku, suna ganin abin da sharrinsa ya rinjayi amfaninsa gara a kawar da shi. Wasu na riƙe da cewa asalin wasa halal ne, yana zama haram idan ya shagaltar da mutum daga wajibi, ko ya ƙunshi caca, ko tsiraici, ko shirka. Ra'ayi na biyu ya fi ba uba abin aiki da shi, domin yana ba shi ma'aunin da zai iya dubawa a cikin gidansa.

Matasa kuwa amsarsu tambaya ce: to me za mu yi? Suna cewa wanda ke cikin ɗaki yana gem ba ya bakin titi yana shan tramol, ba ya cikin faɗan unguwa. Suna jin zafin yadda ake samun lokacin yin magana a kan wasansu, alhali ƙarancin ruwan sha da ya daɗe yana wahalar da garin da rashin aikin da ya zaunar da su ba su sami irin wannan zafin nama ba. Maganarsu na da rauni ta wani gefe, domin wanda abu ya kama ba ya ganin ya kama shi. Amma tana da gaskiyar da ba a iya tsallakewa: idan aka ƙwace abin da ke cike awannin saurayi ba a ba shi wani ba, awannin ba sa ɓacewa, wani abu ne zai cike su.

Masu gidajen gem na kallon kiran a matsayin barazana ga abincinsu. Da yawansu samari ne da suka tara ɗan jari suka sayi talabijin da na'ura, kuma mafi yawan abin da ake bugawa a wurinsu ƙwallon ƙafa ne. Su ne mafi sauƙin kamawa, domin suna da ƙofa da adireshi, alhali wasan da ake tsoro yana cikin aljihun yara.

Akwai kuma ƴan jarida da ƴan boko da ke tsoron inda abin zai tsaya. Sun tuna an yanke intanet na waya kusan kwana goma bayan zaɓen Fabrairu na 2021. A ganinsu, ikon toshewa da aka bayar yau saboda yara, gobe ana iya amfani da shi a kan manya.

Abin da bincike ya nuna

An shafe fiye da shekaru talatin ana bincike a kan tasirin wasannin bidiyo, kuma sakamakonsa bai gamsar da kowane ɓangare ɗari bisa ɗari ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce a 2015 akwai alaƙa tsakanin wasannin tashin hankali da zafin rai. A 2020 ta sake fitowa ta fayyace cewa alaƙar ƙarama ce, ta tsaya ga abubuwa irin su tsawa da ture-ture, kuma babu isasshiyar hujjar da ke nuna wasannin na sa mutum ya aikata ta'addanci ko kisa. A 2019 wani bincike da masanin Jami'ar Oxford Andrew Przybylski ya jagoranta a kan matasan Birtaniya kusan 1,000 masu shekaru 14 da 15, tare da iyayensu, bai sami alaƙa tsakanin yawan buga irin waɗannan wasanni da halin faɗa ba. Japan da Koriya ta Kudu na cikin ƙasashen da suka fi kowa buga wasannin bidiyo, kuma suna cikin waɗanda kisan kai ya fi ƙaranci. A Amurka, laifukan tashin hankali na matasa sun ragu sosai daga tsakiyar shekarun 1990, daidai lokacin da kasuwar wasannin ke bunƙasa.

Ta ɗaya gefen, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtuka, kuma kundin ya fara aiki a Janairu na 2022. Alamominta uku ne: mutum ya kasa kame kansa, wasa ya rinjayi sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma a ɗauki kamar shekara guda ana haka. Hukumar ta ce ƴan kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa wannan mataki. Abin lura shi ne wannan cuta ba ta bambance wasan harbi da wasan ƙwallo ba. Ke nan abin da iyaye mata ke gani a gida yana da tushe a likitance, amma toshe wasannin bindiga kaɗai ba zai taɓa shi ba.

Wajibi ne a ƙara da cewa yawancin binciken an yi shi ne a ƙasashe masu arziki, a kan yaran da ke zuwa makaranta kuma ke cin abinci sau uku. Yaron da ya tashi cikin duka da yunwa da ƙwaya yana iya ɗaukar abin da ya gani ta wata fuska dabam. Sai dai ko a nan, duka da yunwa da ƙwayar ne suka buɗe ƙofar.

Rikicin Zinder ya girmi waɗannan wasanni

Jerin shekarun kansa hujja ne. Pale sun kafu tun kafin babbar waya ta zama ruwan dare. A ƙarshen Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin garin, mai iya tace ganga 20,000 a rana, samari suka sa rai da aiki, kaɗan suka samu. A Disamba na shekarar garin ya yi kwanaki cikin tarzoma har aka rasa rayuka. Ranar Juma'a 16 ga Janairu na 2015, zanga-zangar nuna fushi da zanen jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe, aka ƙone coci-coci da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, kuma mutum 10 suka mutu a Zinder da Yamai cikin kwana biyu. Duk wannan ya faru babu Free Fire, babu PUBG a duniya.

Rahoton da Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta fitar a 2018 kan tashin hankalin matasa a Zinder ya karkata ne ga talauci, da rashin aiki, da barin makaranta, da shaye-shaye. Kara-Kara unguwa ce da aka ware wa kutare a can baya, ƴaƴanta suka gaji wariyar. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma kowace shekara dubbai na shiga shekarun neman abin yi a garin da sayar da man ruwa-ruwa da tuƙa kabu-kabu ke cikin manyan masu ɗaukar samari. A ƙara da ƴan siyasar da ke tuna da waɗannan samari lokacin kamfe su manta da su bayan zaɓe. Wanda ya bar duk wannan ya kama wasan waya, ya bar jaki yana dukan taiki.

Fim ɗin Aïcha Macky ya nuna wani abu da masu muhawarar ya kamata su riƙe: jagoran pale ɗin nan mai sunan Hitler yana fafutukar mayar da yaransa kamfanin masu gadi. Ƙarfin da ake tsoro yana neman inda za a biya shi ne ta halal.

Darasin Kano

Kano, wadda tsakaninta da Zinder tafiyar ƴan awanni ce kuma kasuwa da aure suka haɗa su tun zamanin ayari, ta fi kowane gari na Hausa gwada hanyar haramci a kan abin kallo. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta jihar a 2001. A 2007, bayan wani abin kunya da ya girgiza masana'antar fim, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugabanta, aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, aka ɗaure fitattun ƴan wasa. A shekarar kuma an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a. Jama'a da yawa sun yi na'am. Abin da ya biyo baya shi ne masu sana'ar da dama suka koma Kaduna da Jos, fina-finan kuma suka ci gaba da shigowa Kano.

A Satumba na 2021, ƙarƙashin Isma'il Na'abba Afakallah, hukumar ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, bisa hujjar cewa matasa na koyi da su. Wannan ita ce ainihin hujjar masu neman a hana wasannin harbi. Ƙwacen waya bai tsaya ba, har a 2023 majalisar tsaron jihar ta ayyana shi a matsayin fashi da makami. Kuma wannan a kan fim ne da ake yi a cikin gari, da mutanen da hukuma ta san gidajensu. Ina ga wasan da kamfaninsa ke Singafo ko Sin?

Waɗanda suka gwada a ƙetare

A Afrilu na 2019 majalisar dokokin Iraƙi ta kaɗa ƙuri'ar hana PUBG da Fortnite. Matasa suka mayar da martani da fushi, suna tambayar me ya sa majalisar ta bar cin hanci da rashin aiki da rashin wuta ta koma kan wasa. Cikin Oktoba na shekarar suka cika titunan Bagadaza saboda waɗannan matsaloli. A Nepal an hana PUBG a Afrilu na 2019, kotun ƙoli ta dakatar da umarnin cikin ƴan kwanaki. A birnin Rajkot na Indiya ƴan sanda sun kama matasa saboda wasan a Maris na 2019, abin ya jawo suka. Fakistan ta dakatar da shi a farkon Yuli na 2020, ta janye kafin watan ya ƙare bayan hukuncin babbar kotun Islamabad. A Amurka, kotun ƙoli ta soke dokar Kalifoniya ta hana sayar wa yara irin waɗannan wasanni a 2011, alƙalai 7 suka rinjayi 2.

Ko ƙasashe masu ƙarfin sa ido sun sha wuya. Koriya ta Kudu ta hana ƴan ƙasa da shekara 16 wasa a intanet daga tsakar dare zuwa ƙarfe 6 na safe a 2011, yara suka koma shiga da sunayen iyayensu, aka soke dokar bayan shekara goma. Sin ta taƙaita wa yara awa 3 a mako tun 2021, amma da tsarin rajistar suna da fasahar gane fuska da ƙasa kamar Nijar ba ta da su. A Faransa, Shugaba Emmanuel Macron ya ɗora wa wasannin bidiyo wani kaso na laifin tarzomar Yuni na 2023, bayan ƴan watanni ya fito ya sassauta maganarsa.

Riba da hasara

Ba daidai ba ne a ce kiraye-kirayen ba su haifar da komai ba. Zaman sauraron bahasi da majalisar dattawan Amurka ta yi a 1993 kan Mortal Kombat shi ya tilasta wa kamfanoni kafa tsarin rubuta shekarun da suka dace da kowane wasa a 1994, Turai ta biyo da nata a 2003. Shi ya sa yau wasan GTA ke ɗauke da lamba 18, wasan ƙwallo kuma lamba 3. Ƙorafin Musulmi ya sa an cire gunki daga PUBG. Matsin lamba na aiki idan ya nemi abu takamaimai.

Hasarar na zuwa ne idan aka nemi a share komai. Yara na koyon zagaye shinge da manhajar ɓoye wuri, su fi iyayensu nisa. Wasan na barin shagon da ake gani ya koma ƙarƙashin bargo. Ƙananan ƴan kasuwa na rasa abinci, masu karɓar na goro na samun sabuwar ƙofa. Saurayin da aka kama saboda gem yana fitowa daga komisariya da ƙiyayyar hukuma da bai shiga da ita ba. Mafi muni, al'umma na samun natsuwar ƙarya cewa an yi wani abu.

Abin da ke hannun Damagaram

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin yadda ake riƙe zafin samari. Kokowa da dambe ƙarfi ne da faɗa, amma an yi musu fili da lokaci da alƙali da manya masu kallo, har kokowa ta zama abin alfaharin Nijar, ana gasar takobi tun 1975. Abin da wasan waya ya rasa shi ne wannan kewaye, kuma ana iya gina masa shi ba tare da jiran doka daga Yamai ba.

Masu unguwanni da ofishin magajin gari na iya zama da masu gidajen gem a yi yarjejeniya a rubuce: ba yaro a lokacin lakwal ko makarantar allo, a rufe lokacin salla, a tsayar da lokacin tashi da dare, kada a kunna wa ƙananan yara wasa mai lamba 18, ba caca. Wanda ya kiyaye a bar shi ya ci abincinsa, wanda ya karya a hukunta shi shi kaɗai. Gidajen rediyon garin na iya koya wa iyaye da Hausa da Barbarci yadda ake gane lambar shekaru da yadda ake iyakance lokaci a waya. Malamai na iya mayar da wa'azinsu kan ma'aunin da uba zai iya dubawa: salla, barci, karatu, kuɗi, da wa yaro ke magana. A gida, dokar da ta fi kowace aiki ita ce waya ta kwana a hannun uwa ko uba, kuma babba ya fara kiyaye ta a kansa. Jami'ar André Salifou na da malamai da ɗaliban da za su iya binciken abin da yaran Birni da Zango da Mirya da Zermu ke bugawa da tsawon lokacin da suke yi, domin a yi magana da hujjar gida.

Sannan a fuskanci babban aikin, wanda ba ya ƙarewa da sanarwa ɗaya: kujera a aji ga yaron Kara-Kara, wurin koyon sana'a da ke kaiwa ga aiki, filin ƙwallo a unguwa, yaƙi da masu shigo da ƙwaya, da kunyata duk ɗan siyasar da ya ɗauki ɗan wani ya ba shi adda. Iyayen da ke neman haramci sun cancanci a amsa musu da gaske, kuma amsar gaskiya ita ce gwamnati ba za ta iya shiga ɗakin ɗansu ta kashe waya ba, su ne za su iya. Abin da ke wuyan gwamnati shi ne idan yaron ya ajiye wayar ya fito, ya sami makaranta ko aikin da zai je.